Awo da Lokaci: Abin da Ya Sauya a Maganin Sankarar Kai da Wuya

Babu wani yanki a jikin ɗan Adam da ya tara ayyuka masu yawa a ɗan matsattsen wuri kamar tsakanin hanci da gindin wuya. Ta nan numfashi yake bi, ta nan loma take wucewa, nan murya take fita, nan ɗanɗano yake, kuma nan ce fuskar da ake gane mutum da ita. Shi ya sa sankarar da ta kama harshe, ko dasashi, ko ganɗa, ko maƙogwaro, ko bayan hanci take da wuyar sha'ani fiye da 'yan uwanta. Likita yana iya kashe ciwon ya bar mutum da rai, amma ba ya iya haɗiye tuwo, ba ya iya amsa sallama da muryarsa. Kusan mutum dubu 900 ne suke kamuwa da irin wannan sankara kowace shekara a duniya, kimanin rabin wannan adadi kuma suna rasuwa. Tara cikin goma na ciwon yana tasowa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro. An daɗe da sanin manyan masu laifi: sigari da giya, tabar da ake cusawa a kumatu irin tumbak ɗin Sudan, da wani ɗan itace da mutanen Indiya da maƙwabtansu suke taunawa a naɗe cikin ganye (kada a ɗauke shi goro, ba su haɗa dangi ba). Sai ƙwayoyin cuta biyu, HPV mai kama gindin harshe da tonsil, da EBV mai alaƙa da sankarar bayan hanci.

A watan Yunin 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a fara bai wa masu wannan ciwo maganin pembrolizumab tun kafin a yi musu tiyata, labarin kuwa ya zaga duniya da kanun da suke nuna kamar an gano maganin da zai ajiye gashi (wato ƙona ciwo da haske) da wuƙar likita a gefe. Wanda ya bi tarihin gwaje-gwajen da aka yi a wannan fanni zai ga wani abu daban. Duk ci gaban da ya tabbata ya zo ne ta hanyar gyara awo da gyara lokaci: ina za a nufa da hasken gashi, nawa za a ba da, cikin kwana nawa, kuma a wane mataki sabon magani zai shigo. A lokutan da aka yi ƙoƙarin ture tsohon magani don kawai an sami sabo mai tsada, marasa lafiya ne suka biya kuɗin kuskuren. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk wanda zai yanke shawara a kan kuɗin lafiya, gwamnati ce ko magidancin da yake tunanin sayar da gona.

A fara da gashi, tunda shi ne ƙashin bayan maganin. Tun a shekarun 1920 likitan Faransa Henri Coutard ya nuna a Paris cewa ana iya warkar da sankarar maƙogwaro da hasken X ba tare da yanka ba, muddin aka rarraba hasken kaɗan-kaɗan cikin makonni maimakon a zuba shi gaba ɗaya. Hikimar ita ce lafiyayyen nama yana gyara kansa tsakanin yau da gobe fiye da yadda ƙwayar sankara take iyawa. Daga nan aka kai ga tsarin da ake bi har yanzu, awo 70 na ma'aunin Gray cikin zama 35, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai. Daga baya aka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa aka ga cewa ba da maganin kimo a lokacin gashin, musamman cisplatin, yana ƙara kusan mutum 6 zuwa 7 cikin 100 a kan waɗanda suke raye bayan shekara biyar. Gwajin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda aka buga a 1991, ya nuna kusan biyu cikin uku na masu sankarar akwatin murya za su iya tsira da muryarsu ta hanyar kimo da gashi, ba tare da rayuwarsu ta gajarta ba idan aka gwada da waɗanda aka cire wa akwatin gaba ɗaya.

Sai dai tsohon gashi makaho ne. Hasken yana shiga ta kunci ɗaya ya fita ta ɗaya, ya ƙone duk abin da ya tarar, kuma abin da ya fi shan wuya shi ne manyan jakunkunan yawu da suke gaban kunne. Mai lafiya ba ya sanin darajar yawu. Wanda ya rasa shi ba ya iya haɗiye gurasa ko tuwo sai da kurɓar ruwa a kowace loma, harshensa yana manne wa ganɗa in ya yi magana ta minti biyu, yana farkawa sau da yawa cikin dare don jiƙa baki, haƙoransa kuma suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, domin yawu ne yake wanke su. In aka zo cire haƙori a muƙamuƙin da ya sha gashi, ramin yana iya ƙin warkewa har ƙashi ya mutu. Shi ya sa asibitin da ya san aikinsa yake tura majiyyaci wurin likitan haƙori kafin zama na farko. Fasahar da ake kira IMRT ita ta buɗe wa gashi ido. Ana ɗaukar hoton kai da wuya da na'urar sikan, a zana iyakar ciwon da iyakar gaɓoɓin da ake son karewa, kwamfuta ta lissafa, sannan na'urar ta riƙa zagaya majiyyaci tana buɗe wasu siraran ganyayyakin ƙarfe tana rufewa, ta yadda haske mai ƙarfi zai taru a kan ciwon, mai rauni ya bi ta kan jakar yawu da lakar baya. Ana ɗaure kan majiyyaci da wata fuskar roba da aka ƙera daidai da fuskarsa don kada ya gusa ko da 'yan milimita. A gwajin PARSPORT na Ingila da aka buga a 2011, mutum 94 aka raba gida biyu. Bayan shekara ɗaya kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohon gashi suna fama da bushewar baki mai tsanani, a ɓangaren IMRT kuwa kashi 38. Bayan shekara biyu ratar ta ƙara faɗi, 83 da 29. Hasken bai canza ba, awon da ya sauka a kan ciwon ma bai canza ba. Saiti kawai aka gyara.

Game da lokaci kuwa, akwai wata gaskiya da masana gashi suka sani tun ƙarshen shekarun 1980 amma ba ta cika fitowa a jarida ba. Wajen mako na huɗu da fara gashi, ƙwayoyin sankarar da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa. Saboda haka duk ranar da aka tsallake, ko don na'ura ta lalace, ko wuta ta ɗauke, ko ma'aikata suna yajin aiki, ko kuɗin majiyyaci sun ƙare, ciwon yana cike gurbin abin da aka kashe. Ƙididdigar da aka fi ambata ta nuna kowace rana ɗaya ta jinkiri tana rage damar murƙushe ciwon da sama da kashi 1 cikin 100. Mako biyu na zaman jiran injiniya yana iya cinye duk ribar da cisplatin yake kawowa har ya ɗora.

Darasi mafi ɗaci ya zo ne daga sankarar da HPV yake haifarwa. Wani bincike na 2010 ya nuna masu wannan nau'i sun fi samun sauƙi ƙwarai: kashi 82 suna raye bayan shekara uku, sauran kuwa kashi 57. Da yake yawancinsu ba tsofaffi ba ne kuma za su daɗe da illar magani, sai likitoci suka ga ya kamata a sassauta musu. Tunani ne mai kyau. Aka ɗauko cetuximab, sabon magani a lokacin mai nufar wani furotin a jikin ƙwayar sankara, aka sa shi a madadin cisplatin mai taɓa ƙoda da ji. Wasu asibitoci ma ba su jira hujja ba. Da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu ya fito a ƙarshen 2018, sai murna ta koma ciki. A gwajin De-ESCALaTE na Turai, kashi 97.5 na masu cisplatin suna raye bayan shekara biyu, masu cetuximab kashi 89.4, kuma wahalar da suka sha ba ta ragu ba. Gwajin Amurka ya ba da irin wannan amsa. Ko da girgiza kurna ta fi magarya. Aka sake gwadawa ta wata hanya, aka rage awon gashi daga 70 zuwa 60, aka haɗa wa wasu da nivolumab, maganin zaburar da garkuwar jiki, nan ma a 2024 aka bayyana cewa tsohon tsari ya fi hana ciwon dawowa.

Maganin zaburar da garkuwar jiki labarinsa ya fi armashi, kuma ya cancanci a ba shi haƙƙinsa. Sojojin garkuwar jiki, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, suna da wani birki a jikinsu mai suna PD-1 da yake hana su far wa naman mai su. Tasuku Honjo na Japan ne ya gano shi a 1992, kuma shi da James Allison na Amurka suka raba kyautar Nobel ta 2018 a kan wannan fanni. Sankara takan koyi taka wannan birki, sai sojan ya iso gabanta ya tsaya. Nivolumab da pembrolizumab suna shiga tsakani ne su hana ta takawa. An fara gwada su a kan waɗanda ciwonsu ya dawo ko ya bazu, mutanen da a da babu abin da za a ce musu sai haƙuri. A gwajin CheckMate 141 na 2016, mai mutum 361, kashi 36 na masu nivolumab sun kai shekara ɗaya, masu tsohon magani kuwa ba su cika kashi 17 ba. Amma a duba ɗaya fuskar lissafin: rabin masu nivolumab sun rasu kafin wata bakwai da rabi, kuma mutum 13 ne kacal cikin 100 ciwonsu ya motse a hoto. KEYNOTE-048 na 2019, mai mutum 882, ya sa pembrolizumab ya zama maganin farko ga irin waɗannan majiyyata, inda haɗa shi da kimo ya ɗaga tsakiyar tsawon rai daga wata 10.7 zuwa wata 13. Maganin ba ya zubar da gashin kai kamar kimo, amma yana da nasa sharrin, domin sojan da aka cire wa birki yana iya juyawa kan huhu, ko hanji, ko hanta, ko ƙullin nan na wuya mai suna tayirod.

Da aka ga haka sai aka yi zaton in an zuba maganin a lokacin gashi, ga waɗanda ciwonsu bai bazu ba, za a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kamfanoni suka zuba kuɗi. Gwajin JAVELIN, mai mutum 697, ya haɗa avelumab da kimo da gashi, bai ƙara komai ba. KEYNOTE-412, mai mutum 804, ya gwada pembrolizumab a wannan matsayi, bai kai ga mizanin da aka gindaya ba. Wani gwajin ya ba da atezolizumab bayan an gama gashi, shi ma ya tashi a tutar babu. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suke ganin ya fi kama hankali shi ne kaluluwa. A cikinta ake horar da ƙwayoyin T su gane abokin gaba, gashin wuya kuwa yana bi ta kan kaluluwar gaba ɗaya don kada ciwo ya ɓuya a ciki. Wato ana busa wa sojoji ƙaho a daidai lokacin da ake ƙone barikinsu. Gwaji a kan ɓeraye ya goyi bayan wannan fahimta. KEYNOTE-689 sai ya sauya jeri: allura biyu kafin tiyata, lokacin da ciwon da kaluluwar suke nan daram, sannan tiyata, sannan gashi tare da maganin, sannan a ci gaba da shi har allura 17 jimla. Cikin mutum 714, kimanin kashi 58 na masu maganin sun kai shekara uku ba tare da ciwon ya dawo ko ya ci gaba ba, ɗaya ɓangaren kashi 46. Gwajin NIVOPOSTOP na Faransa, mai mutum 680, ya ba da nivolumab bayan tiyata tare da kimo da gashi, ya sami kashi 63 a kan 52 da rabi. Wannan na biyun ya nuna labarin kaluluwa bai bayyana komai da komai ba, tunda a can an riga an cire ta. Abin da gwaje-gwajen biyu suka haɗu a kai shi ne babu majiyyaci ko ɗaya da aka ɗauke wa tiyata, kuma gashi yana nan a tsarin. Maganin ya hau kan ginin da aka riga aka yi ne.

Mai ja zai ce wannan lissafi ya raina waɗanda suka rayu. Gaskiya ne cewa a KEYNOTE-048 kusan mutum 15 cikin 100 na masu pembrolizumab suna raye bayan shekara biyar, alhali a tsohon tsari biyar ne ko shida, kuma ga wanda mahaifinsa yake cikin waɗannan 15 babu maganar tsakiyar lissafi. Ban ga dalilin musun wannan ba, kuma duk ƙasar da take da hali ya wajaba ta samar da maganin. Tambayar ita ce wanne za a fara saye in kuɗi bai isa duka ba. Allura ɗaya ta pembrolizumab a farashin da aka rubuta a Amurka ta haura dala dubu 10, wato allura 17 sun wuce dala dubu 170 ga mutum ɗaya, kuma har lokacin da aka buga sakamakon KEYNOTE-689 ba a kai ga tabbatar da cewa ya tsawaita rai ba, jinkirta dawowar ciwo aka tabbatar. Na'urar gashi ɗaya kuwa tana yi wa ɗaruruwan mutane aiki a shekara, har shekara goma ko fiye, kuma ba masu ciwon wuya kaɗai ba, har masu sankarar mama da ta bakin mahaifa. Kwamitin masana na mujallar Lancet Oncology ya ƙiyasta a 2015 cewa kusan rabin masu sankara suna bukatar gashi, amma tara cikin goma na mutanen ƙasashe mafi talauci ba su da hanyar samunsa.

Wani zai kawo maganar furoton, gashin da haskensa yake tsayawa cak a zurfin da aka saita maimakon ya wuce ya fita ta baya. A takarda babu abin da ya fi shi dacewa da wuri mai cunkoso irin wuya. Gwajin da cibiyar MD Anderson ta Amurka ta jagoranta, mai mutum 440, ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 28 na masu furoton suka bukaci tiyon ciyarwa a ciki, masu IMRT kashi 42. Amma gwajin TORPEdO na Birtaniya, mai mutum 205, da aka bayyana a 2025, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba bayan shekara ɗaya tsakanin furoton da IMRT ɗin da aka tsara da kyau. Hujja ta rabu biyu ke nan, cibiyar furoton kuma tana cin kuɗin na'urorin gashi na yau da kullum masu yawa. Ingila da duk arzikinta biyu gwamnati ta gina, ɗaya a Manchester ɗaya a Landan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na adalci: ashe ana cewa talaka ya haƙura da magani mai daraja ta biyu ke nan? Da haka ne da ƙorafin ya ci. Amma binciken da ya fi amfanar ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a 'yan shekarun nan shi ma na awo da lokaci ne, kuma bai nuna an rage wa kowa komai ba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ɗauki nauyin gwajin HYPNO a ƙasashe goma, da mutum 792, aka gwada zama 20 cikin mako huɗu da zama 33 cikin mako biyar da rabi. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna duka biyun sun murƙushe ciwon daidai wa daida, illarsu ta baya ma ba ta bambanta ba. Wannan yana nufin na'ura ɗaya za ta ɗauki ƙarin mutane, kuma baƙon da ya zo daga nesa ya kama ɗaki kusa da asibiti zai koma gida da wuri, kafin guzurinsa ya ƙare a tsakiyar magani. A asibitin Tata Memorial na Mumbai kuma, inda likitoci suka ƙiyasta cewa kashi 1 zuwa 3 ne kawai na majiyyatan ƙasashe irin nasu suke iya sayen maganin garkuwa, Vijay Patil da abokan aikinsa sun ba da nivolumab miligiram 20 duk mako uku, alhali awon da aka saba shi ne 240 duk mako biyu, suka haɗa da wasu ƙwayoyi uku masu araha. Cikin mutum 151, kashi 43 na waɗanda suka sami ɗan wannan awo sun kai shekara ɗaya, waɗanda suka sha ƙwayoyin kaɗai kashi 16. Gwaji ne ƙarami, a asibiti ɗaya, kuma ba a gwada shi da cikakken awo ba, don haka ba za a ce sun yi kunnen doki ba. Duk da haka ya tayar da tambayar da mai sayar da magani ba zai yi gaggawar amsawa ba, wato ko awon da aka rubuta a kwali shi ne awon da jiki yake bukata.

Nan ne maganar take taɓa mu. A rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya, sankarar bayan hanci da ta akwatin murya suna sahun gaba a wannan rukuni, kuma mafi yawan majiyyata suna zuwa ne ciwon ya riga ya yi nisa, bayan watanni ana shafe-shafe da tsaga a kan kullutun wuya. Sankarar bayan hanci kuwa wuri ne da wuƙa ba ta kai wa cikin sauƙi, gashi ne maganinta na asali, kuma tana jin sa sosai. Ita ma ta sami nata maganin garkuwa, toripalimab na ƙasar Sin, wanda Amurka ta amince da shi a Oktoban 2023, amma ga wanda ciwonsa ya dawo ko ya bazu. Nijar ba ta sami cibiyar gashi ta farko ba sai a 2021 a Yamai. A arewacin Najeriya an daɗe ana dogaro da Zariya da Sakkwato da Abuja, kafin a buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina a 2025. Bikin yanke kyalle abu ne mai sauƙi. Abin da zai nuna ko cibiya tana warkarwa shi ne kwangilar gyaran na'ura, da wutar da ba ta yankewa, da masanin kimiyyar haske da yake auna na'urar kowace safiya, da likitan haƙori da mai kula da abinci a kusa. Ya kamata majalisa da 'yan jarida su riƙa tambayar kowace cibiya lamba ɗaya a ƙarshen shekara: cikin waɗanda suka fara gashin kai da wuya, nawa ne suka gama a ranar da aka tsara.

Kai kuma mai karatu, in muryarka ta dushe ta wuce mako uku, ko gyambo a baki ya ƙi warkewa tsawon haka, ko kullutu ya fito a wuya ba ya zafi ba ya tafiya, ko hanci ɗaya ya toshe yana ɗigar jini kunne ɗaya kuma ya daina ji sosai, ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura, kada ka bari a tsaga. Sankarar igiyar murya da aka kama a matakin farko, gashi kaɗai yana warkar da kusan tara cikin goma, kuma mutum ya koma gida da muryarsa.